Layin Rijiyar Gawo Biyu

Dakoro, ranar kasuwa

Zuwa ga Hamdiya, jikar Halidu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da uwarki da sauran mutanen Yamai da suka manta hanyar Dakoro. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta ƙi ni tun kaka. Azumi ɗiyata ce ke riƙe da bik tana rubutawa, ni ke faɗa, don ban taɓa zama lakwal, makarantar boko, ko na yini ɗaya ba, kuma har yau ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba.

Takardarki ta iso ta hannun direba, na sa an karanta mini sau biyu. Halidu ɗan ƙanen babana ne, tare muka yi kiwo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Balkisu matata, ba wanda ya tako daga gidanku ya ce mini sannu. Ban manta ba. Amma ke lokacin yarinya ce, ba zan ɗora miki ba.

Kin ce kina iniversite kina karatun ordinatar, wadda wasu ke cewa kwamfuta, kuma akwai wani wasa da mutane da yawa ke shiga fili ɗaya, kowa daga tarhonsa, suna gini suna noma. Masu wasan sun bar ƙofa ga wanda ke son ƙara abu nasa, ke kuma rijiya da garke za ki ƙara, da su za ki tsaya gaban malamanku ƙarshen shekara. Aka ce miki a dangi akwai tsohon da ya san rijiya. Ba a yi miki ƙarya ba. Shekara ashirin da shida na yi ina riƙe da layin Gawo Biyu, kan hanyar Azagor, rijiya mai gaba arba'in da biyu. Fulani, Buzaye, Hausawa, ba wanda ya taɓa ɗaga sanda a gabana.

To rubuta. Mata masu jarka su ke fara ɗiba. Sannan garke, wanda ya riga zuwa ya riga sha. Garken da ya kwana uku bai ga ruwa ba a sa shi gaba, ko baƙo ne, ko ba ku shiri da mai shi. In guga ya fara zuwa da laka a dakata, rijiya ta huta ta tara. Kuma itacen da igiya ke gogawa a bakin rijiya yana da kuka, makiyayi tun daga nesa in ya ji shi ya san akwai ruwa. In za ki yi rijiya ki yi ta da kukanta.

Kakanki, kuma angonki in kin ci jarrabawa,
Arzika

*

Yamai, Litinin

Kaka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sauwaƙe gwiwa. Na karanta wa Inna maganar Goggo Balkisu, ta sunkuyar da kai. Maganar aure kuwa, angon da ba ya iya tashi sai da sanda sai ya ƙara ƙoƙari.

Na gina rijiyar yadda ka faɗa. In ni kaɗai ce a ordinatata komai na tafiya daidai, har kukan itacen. Da na kai ta cikin jama'a sai ta watse mini.

Bari in yi maka bayani. Akwai wata na'ura can daban, sarbar muke ce mata. Ba ta da allo, ba ta da lasifika, ba wanda ke zaune gabanta. Ita ke riƙe da filin da kowa ke shiga. Tarhon kowane mai wasa kuma shi ke nuna masa hoto, shi ke fitar masa da sauti. Ni kuwa duk umarnin da na rubuta, kod ɗin, wuri ɗaya na zuba shi, na ba sarbar, na ba kowane tarho irinsa.

Ranar gwaji mu takwas muka shiga. Munira ƙawata na jan igiya, sarbar ta iso layin da ya ce ta fitar da kukan itace, ta nemi lasifika ta rasa, ta faɗi, aka watso mu waje gaba ɗaya. Na toshe wurin na ɗan lokaci muka koma, sai ga wadda ta fi. Ashe kowane tarho lissafin kansa yake yi. A tarhon Abdoulaye, wani ɗan ajinmu, rijiya ta ƙafe. A na Munira cike take. Shi yana ganin shanunsa a bakin kwamin shan ruwa, ita tana ganin awakinta a wurin, lokaci guda. Ya ce ta yi masa tsallake, ta ce shi ne maƙaryaci, kowa ya ɗaga tarhonsa yana nunawa, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Saura wata biyu sutnans, ranar da zan nuna aikin gaban malamai. In ta yi mini haka a gabansu, shekarar ta tafi.

Jikarka,
Hamdiya

*

Dakoro, Laraba

Hamdiya,

Bayan gaisuwa. Zafi ya sauka sosai, amma muna nan. Sandar da kike yi wa tsiya ta girmi ubanki.

Cutar da ta kama rijiyarki na san ta, da ita aka kore ni daga tawa.

Wasu 'yan proje, masu aikin raya karkara, suka zo suka yi wa Gawo Biyu siminti. Aikin ya yi kyau, ban musa ba. Sai suka kafa komite, suka naɗa Zakiru sakatare don yana jin Faransanci, yaron da ni na koya wa ɗaurin guga. Suka ce ba a bukatar wani tsoho ya zauna gindin gawo yana nuna mutane da sanda. Aka buga kati aka raba wa kowane makiyayi, da ranarsa da lokacinsa, kowa ya sa a aljihu. Ni aka ba ni hula da godiya.

Ba a ci kasuwa biyu ba sai ga mutum uku riƙe da safiya ɗaya. Ɗaya kuskuren Zakiru ne, ɗaya da bik ya gyara nasa. Kowa ya ɗaga katinsa, kamar yadda yaranki suka ɗaga tarho. Aka fasa wa wani kai, sai da jandarma suka zo. Har yau ba wanda ya zo ya ce mini, Arzika, kai ke da gaskiya. Zakiru in ya hango ni sai ya shiga gyaran takalmi.

To ki ji da kyau. Ki karɓe layi daga hannun masu jira, ki karɓe sanin yawan ruwa, ki ba mutum ɗaya. In sarbar ɗin nan ita ce ke zaune gindin gawo, to ita za ki ba. Makiyayi ba shi da ikon cewa na ja guga. Abin da zai ce shi ne ina son in ja. Mai riƙe da layi ya duba, ya ce ja, ko ya ce jira. Kuma ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, don kada gobe wani ya ce shi ba haka aka gaya masa ba. Ni ko ɗan'uwana ne ban taɓa raɗa masa a kunne ba.

Ita kuwa faɗuwar da take yi don ta ji kukan itace, wannan ban gane ba. Ki nema mata magani, ke ce mai karatu.

Arzika

*

Yamai, Asabar

Kaka,

A gurguje nake rubutawa, direba na jira. Muna lafiya.

Ya yi! Kwana shida na yi ina tsince kod ɗin layi-layi, na raba shi gida uku. Yawan ruwa da layi da dokar laka suna wurin sarbar ita kaɗai. Tarho roƙo kawai yake aikawa, ita ta yanke, ta shelanta wa kowa. Akwai kuma ɗan abin da dole su sani su biyun, kamar sunayen dabbobi da irin saƙon da za su aika wa juna, shi na ajiye tsakiya. Jiya mu goma sha ɗaya muka shiga, rijiya ɗaya kowa ya gani.

Kukan itace kuwa na cire shi daga sarbar ɗungurungum, da kukan shanu da ƙurar kofato. Tun daga nan ba ta sake faɗuwa ba.

Hamdiya

*

Dakoro, Alhamis

Hamdiya,

Na gaishe ki, don gaisuwa wajibi ce.

Abu ɗaya na roƙe ki da bakina, shi kika cire. Ɗungurungum ma kika ce, har Azumi ta maimaita mini don in tabbata. Haka 'yan proje suka yi, sun zo sun zauna a tabarmata sun sha furata suna rubuta duk abin da na faɗa, suka tafi suka ɗauki wanda ya yi musu suka zubar da saura. Na ɗauka jinin Halidu zai bambanta.

Ke ba ki taɓa tafiyar yini biyu da shanu suna layi don ƙishirwa ba. Ba ki san yadda ƙafar mutum ke dawowa jikinsa in ya jiyo kukan nan daga bayan tudu ba. Rijiyar da ba ta kuka, mu kan ce ta mutu, mu juya da garke. In na'urarki ba ta iya ɗaukarsa, ki cire sunan Gawo Biyu ki sa mata wani.

Arzika

*

Dakoro, ranar kasuwa

Hamdiya,

Kasuwa uku ke nan ba amsa. Na je tasha da kaina sau biyu da wannan gwiwar. In kin gama da ni ne ki faɗa, na saba.

Arzika

*

Yamai, Lahadi

Kaka,

Don Allah ka huce. Takardunka biyu yau suka zo mini tare. Motar direban ta kwanta a garejin Konni da ta farkon a cikinta, ni kuma ina nan ina cewa ko gwiwa ce ta kwantar da kai. Wannan hotonta zan ɗauka in tura tarhon Anti Azumi, ba sauran lokacin jiran mota.

Kukan yana nan, ban zubar ba. Gaggawa ce ta sa ban ƙarasa maka ba. Daga sarbar na cire shi na mai da shi cikin tarho. Yanzu ita cewa kawai take yi an ja igiya a Gawo Biyu, sai tarhon kowa ya fitar da kukan da kansa. Na kusa ya ji da ƙarfi, na bayan tudu ya ji shi siriri. Kai ma da kake gindin gawo ai ba kai ke kai wa makiyayi kukan ba, kunnensa ke ɗauko masa. Da a ce a sarbar na bar shi, da ba wanda zai ji.

Ga abin da ke gabana yanzu. Dokarka ta kwana uku ta zame mini ƙofar ɓarayi. Abdoulaye ya buɗe kason da ke cikin tarhonsa ya canja lamba. Duk sanda ya zo, tarhon sai ya ce wa sarbar shanuna kwana uku ba su sha ba, ita kuma ta sa shi gaba. Ya sha sau biyar a jere yana dariya, ya ce taimakona yake yi. Kuma taimakon ne, don cikin malaman da za su zauna akwai wani Mushe Nu'man, haka muke kiran malamin boko da Faransanci, shi da ordinatarsa yake zuwa, ba ya tashi sai ya gwada fasa aikin ɗalibi a gabansa.

Saura kwana takwas. Ina ganin dokar zan cire, kowa ya bi layi kawai. Ya fi mini sauƙi.

Hamdiya

*

Dakoro, Lahadin dai, bayan la'asar

Hamdiya,

Maganar kuka na ji. Ba zan ce na yi kuskure ba, ke ce ba ki iya rubuta takarda ba. Na yarda Azumi ta ɗauki hoton wagga, sau ɗaya.

Kada ki taɓa dokar nan. In kin cire ta layin famfo kika yi, ba rijiya ba. Shekarar da ruwa ya ƙi, wani Buzu ya iso mini daga wajen Tagriss da raƙuma da tumaki, tumakin har sun fara kwanciya. Garke bakwai ke gabansa. Da layi kawai na bi, da kafin azahar fatu zai kwasa.

Amma ke wa ya ce miki tambaya nake yi? Duk makiyayin da ya taɓa zuwa Gawo Biyu, kwana uku yake cewa. Har wanda na shayar jiya da hannuna, ya dube ni ido cikin ido ya ce wallahi Baba kwana uku. Ban taɓa jin haushi ba, shanunsa yake so. Ni dai ba bakinsa nake saurare ba. Wanda ya sha wurina na san ranar, tana cikin kaina. Baƙo kuwa in tashi in zaga garken, in dubi kwiɓin saniya ko ya faɗa, in ja fatar wuya in ga ko za ta koma.

Sarbar taki ba ita ke ba da ruwan ba? To me ya kai ta tambayar tarhon Abdoulaye yaushe rabonsa da sha? Ta riƙe a kanta. Kin karɓe layi, kin karɓe ruwa, kin bar ƙishirwa a aljihunsa. Karɓe ta ita ma. Ya nuna wa kansa shanu ramammu in yana so, wannan idonsa ne. Ranar da suka sha kuwa, ba shi zai faɗa ba.

Ki gaya wa Abdoulaye na gaishe shi, da makiyayi ne da ya yi garke.

Arzika

*

Yamai, Talata

Kaka! Kaka!

Gaisuwar ma a tsaye nake yin ta. Na ci! Sha takwas bisa ashirin!

Da na karanta takardarka kunya ta kama ni, abin a gabana yake ban gani ba. Cikin kwana biyu na kwashe ƙishirwa na mai da ita sarbar. Tun ranar da aka ba mutum garke take riƙe da lokacin shansu. Saƙon tarho na rage shi, ba abin da ya saura ciki sai ina son ruwa. Sannan na bi sauran kod ɗin ina yi wa kowane layi tambayarka, wa ya kamata ya san wannan. Na kamo wasu wurare biyu da na bar wa tarho abin da ba nasa ba.

Jiya ɗaki ya cika. Mutum goma sha biyar suka shiga filin, aka haska shi a bango. Munira ta ja igiya, kukan ya tashi daga tarho goma sha biyar, wani da ƙarfi wani siriri, sarbar ko gezau. Sai Mushe Nu'man ya buɗe ordinatarsa ya ce, “Madmazal, kin yarda in zama ɓarawo?” Na ce bismilla, Mushe. Ya yi ta danne-danne, ya sa shanunsa kwana talatin ba su sha ba. A allonsa har ƙasusuwansu sun fito. Ya kora su bakin rijiya. Sai rubutu ya fito a bango, kowa na gani: “Jira layinka.” Shanun malam suka koma bayan awakin Munira suka tsaya. Ɗaki ya fashe da dariya, Abdoulaye har da buga tebur. Ya sake gwadawa ta hanyar ruwa, ya sake ta hanyar layi, amsa ɗaya.

Ya rufe ordinatar ya ce, “A wane littafi kika ga wannan rabon aikin?” Na ce ba littafi ba ne, Malam Arzika ne na Dakoro, mai layin Gawo Biyu. Ya ce a wace jami'a yake koyarwa. Na ce gindin gawo. Ya sa aka rubuta sunanka a takardar sakamako, da hannunsa ya nuna wurin.

Na tura wa Anti Azumi wasan da yadda za ta sa shi. Na ajiye maka shanu goma sha biyu.

Amaryarka, tunda alkawari ne,
Hamdiya

*

Dakoro, Asabar

Hamdiya, jikata,

Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi haka. Muna lafiya, gwiwar ma kwana biyu ban ji ta ba.

Jiya na sa riga ta Juma'a, na tafi da Azumi kara wurin dillalan shanu, na sa ta karanta takardarki da ƙarfi. Da aka zo wurin shanun malam, wani Bafillace ya ce a maimaita, aka maimaita. Wani ya ce, “Baba Arzika, ashe ka zama mushe, malamin lakwal?” Na ce da can ma malamin ne, ku ne ba ku biya kuɗin lakwal ba.

Yau da hantsi Azumi ta buɗe mini wasan. Ita ke dannawa, ni ke nuna hanya. Shanunki sun cika ƙiba, ba saniyar da ke haka a bazara, kuma ƙahon na kudu ne, ki gyara. Muna cikin tafiya na ce mata tsaya. Na karɓi tarhon na kara a kunne. Ga shi can siriri, bayan tudu. Azumi ta ce, Baba lafiya? Na ce ki kora dai.

Muka iske garke biyar a gabanmu, na gaba-gaba wai wani mutum ne daga Agadas. Na ce Azumi nemi ruwa. Aka ce jira layinka. Na ce sake. Aka ce jira layinka. Na ce rubuta mata Arzika ne, shi ya koya miki aikin. Azumi tana dariya har da hawaye ta rubuta. Sarbar ba ta ko kula ba. Ni fa, Hamdiya! A Gawo Biyu!

Na ajiye sanda na gyara zama na jira. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya ko zan kama ta ta yi wa wani alfarma, ban kama ba. Ana kan na huɗu guga ya zo da laka, ta tsai da kowa har rijiya ta tara. Ni na sha na shida.

Ki gai da uwarki. Gobe da sassafe zan sa Azumi ta kora, sai na riga mutumin Agadas ɗin nan.

Kakanki,
Arzika